Benen katako a ƙasar azara

Laccar da aka gabatar a Waca gaban sarakuna, magina, kafintoci, malaman makaranta da jami'an gandun daji

Magina da kafintoci, yau maganar taku ce fiye da ta kowa.

An nemi in yi bayani a kan wani salon gini da ake yayi a biranen Turai da Amurka, wato gidajen bene masu hawa da yawa waɗanda ginshiƙansu da bangonsu da daɓensu duk katako ne, a yanka a masana'anta, a ɗauko a mota, a zo a harhaɗa. Zan faɗi yadda abin yake, sannan in faɗi abin da nake gani ya shafe mu, mu da ke zaune tsakanin Magarya da Dungas.

Katakon nan ba irin wanda muke saya a kasuwa ba ne. A shekarun 1990 aka inganta dabararsa a ƙasar Ostiriya. Ana busar da allunan itace a tanderu, a jera sahu guda, a shafa gam, a ɗora wani sahu ya gitta na farko, haka har sahu uku ko biyar ko bakwai, sannan a danne da injin matsa. Abin da zai fito ƙaton allo ne mai kauri, wanda tsawonsa kan kai mita 16, shi kaɗai ya isa bangon ɗaki. Tun a masana'anta kwamfuta ke jan zarto, ta fitar da ƙofa da taga da ramin wayar lantarki, a buga wa kowane allo lamba. In an kawo wurin gini, babu kwaɓi, babu jiran bushewa, sai injin ɗaga kaya da ƙusoshi masu murɗi.

A Landan, a 2009, an gama wani gida mai hawa 9 a titin Murray Grove, kafintoci huɗu suka tayar da katakonsa cikin kwanakin aiki 27. A 2019 aka buɗe Mjøstårnet a garin Brumunddal na ƙasar Norwe, hawa 18, tsayinsa mita 85.4. Bayan shekara uku wani mai suna Ascent a birnin Milwaukee na Amurka ya ɗara shi da kaɗan, hawa 25. Wanda ya taɓa tsayawa gindin hasumiyar masallacin Agadas, mai mita 27, sai ya ƙiyasta irinta uku, wata kan wata.

Dalilan masu wannan gini masu ƙarfi ne. Nauyin katakon bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na kankare ba, don haka tushe ba ya cin kuɗi sosai. Aiki yana sauri. Ga shi kuma masana'antun siminti ke fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar carbon da ke ɗumama duniya. Amma babban dalilin da ba a cika faɗa ba shi ne suna da itacen. Kusan rabin ƙasar Ostiriya daji ne, kuma dajin da ake nomawa kamar gona, a sare wannan yanki a dasa wancan.

Mu ma muna da buƙatar hawa sama, kada wani ya ce zancen birni ne kawai. Yankin Magarya na cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta, kuma duk saurayin da zai yi aure sai an yanka masa fili a bakin gari. Filin nan kuwa gona ce jiya. A nan gefen kwarin Korama, inda rake da albasa da rogo ke riƙe da gidaje, kowane taku na ƙasa yana da daraja. Gida ɗaya mai hawa biyu zai iya ɗaukar wa da ƙane a filin da yanzu mutum ɗaya ke ci.

To, shin sai mu yi odar katakon Turai? Ni ban ga hanya ba. Ba mu da teku. Tun da iyakar ƙasar Binin ta rufe a 2023, kaya da yawa sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso kafin su iso Yamai, daga can kuma saura kusan kilomita 900 zuwa Damagaram. Katakon da kafintocinmu ke aiki da shi ma baƙo ne, daga dazuzzukan kudu yake hawowa, mafi yawa ta kasuwar 'yan katako ta Kano, kuma sau da yawa ɗanye ake yanko shi. Kowane kafinta a nan ya san ƙofar da aka kafa da damina tana rufuwa lafiya, hunturu na zuwa ta tsage, ta bar kafar da hannu zai shiga. Ga gara, wadda itacen Turai mai taushi abincin sallah ne a wurinta. Ga zafin bazara: bangon ƙasa mai kauri yana riƙe zafin rana sai dare ya sake shi, siririn bangon katako ba ya yin wannan sai an cusa masa abin tare zafi, wanda shi ma saye ne. Gobara kam, adalci a faɗa, katako mai kauri ba ya ci da wuta yadda ake zato. Bayansa ke zama gawayi, kamar santimita 4 a awa guda, cikinsa yana nan da ƙarfinsa. Sai dai su can suna da bututun ruwa a rufin kowane ɗaki da motar kashe gobara a bayan gida.

Abin da ya kamata mu ɗauka daga wurinsu, a ganina, shi ne awo da shiri tun kafin a zo wurin gini. Wannan kuwa ba sabo ba ne a wurin maginin Hausa. Ku dubi azara. Ana zaɓen namijin giginya da ya tsufa, a kayar, a tsaga shi bisa tsawo, a zubar da ɓargon ciki mai laushi, a bar baƙin bayan nan mai jijiya wanda gara ke jin tsoro. Azara tana zuwa hannun magini a shirye, da tsawonta sananne, kuma ita ke yanke faɗin ɗaki, domin in ba tallafi ba ta cika ƙetare fiye da mita 2 ba. In ana son ɗaki ya fi haka, sai a fito da gajerun azara daga bango, wata bisa wata, su tarbi ta tsakiya. In zauren sarki ne, sai a lanƙwasa su cikin ƙasa a yi bakan gizo ko ɗaurin guga. Da wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, da shi aka tayar da fadar Damagaram da benayen unguwar Birni. Soro kan soro mun san shi tun kafin siminti ya iso.

Abin da ya ɓace mana itacen ne. Giginya tana shekaru gommai kafin ta isa tsagawa, kuma mu ne muke tono 'ya'yanta tun suna tsiro mu dafa, mu sayar da muruci a tasha. Yau manyan gandayenta sai can Dallol Mawuri a yankin Gaya, kuma doka ta tsare ta. Ƙarancin nan ne ya sa tun 1980, a Cikal ta yankin Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta fara koyar da gini ba itace, rufin tulluwa da na baka da tubalin ƙasa zalla. A Yamai kuma, a 2016, Mariam Kamara da abokan aikinta suka gama gidajen Niamey 2000, benaye na tubalin ƙasa da aka matsa da inji, don masu matsakaicin hali. Ƙasa ma tana da sharaɗinta. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara 170 a tsaye. Ginin ƙasa yana son tushen dutse ko siminti, da indararo mai jefa ruwa nesa, da yaɓe kafin kowace damina.

Wani zai ce ai itatuwa sun dawo. Gaskiya ne. Manoman Magarya da Matamai da Mirya sun raya gawo a fili kusan hekta miliyan ɗaya ta hanyar barin tsiro a gona, har masana daga ƙasashen waje suna zuwa kallo, kuma wata doka ta 2020 ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raya. Amma gawo ba itacen gini ba ne, ƙwari na cinsa, kuma amfaninsa a tsaye yake: ya zubar da ganye da damina gero ya samu rana da taki, ya ba dabbobi 'ya'ya da rani. Wanda ya sare gawo don katako ya yi asara biyu.

Ga abin da nake ganin za mu iya. Bango ya zama ƙasa, hawa biyu, kada a wuce. Itace a taƙaita shi ga daɓen bene da matakala da ƙofofi da ƙashin rufi. Waɗannan kuma a yi su a shagon kafinta bisa awo guda da magina da kafintoci za su zauna su amince da shi, ta yadda gungumen da aka yanka a Magarya zai zauna daidai a ramin da aka bari a bangon Waca. A busar da katakon a inuwa, a jere da tazara, wata da watanni, a shafa masa maganin gara tun yana shago. Dogon-yaro da turare suna girma cikin 'yan shekaru, suna iya riƙe mu kafin giginya ta kawo, in har hukumar gari da masarauta sun ware mata fili a bakin fadama, aka kuma bar wani kaso na ƙwallonta bai shiga tukunya ba.

Saura abu guda da injiniyan Turai ba zai gaya muku ba. Bene yana leƙa tsakar gidan maƙwabci, inda mata ke daka da wanka da shan iska ba lulluɓi, kuma rigimar da wannan ke haifarwa ta fi ta iyakar gona wuyar sasantawa. Tagogin sama dole su kalli titi ko tsakar gidan mai benen, na gefen maƙwabci kuwa a ɗaga su sama da kan mutum, rawanin soro shi ma a ja shi ya wuce tsayin namiji. Ranka ya daɗe, wannan ƙa'ida daga fada ya kamata ta fito, tare da liman da sarkin magina, tun kafin a aza tubalin bene na gaba.