Kunne Ya Ja Ido Zuwa Ga Littafi

Shugaban reshe, shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata, da iyayen yara na Toranke da kewaye, muna yi muku barka da zuwa.

Abin da za mu tattauna yau kowa yana ganinsa a unguwarsu. Da an idar da sallar isha'i, sai yara su kewaye wayar yayansu, ana karanta musu littafi daga YouTube ko daga memori, suna ta ƙyalƙyala dariya. Yaran nan kuwa su ne da safe za a miƙa wa littafin Hausa a aji, wasunsu su tsaya suna kame-kame tun a layin farko. Labari dai suna sonsa, harafi ne ya gagare su. In muka bar su haka, za su gama firamare kunnensu cike da labari, alhali ba su iya karanta wasiƙa ko takardar magani ba.

Maganin yana cikin gidanmu, domin malamai ne suka kafa harsashin irin waɗannan littattafai. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai. Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Midil ta Katsina, ya shiga da Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara kuma da Ganɗoki. Har yau babu ajin da za a karanta wa ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman bai kece da dariya ba. Daga 1937 kuma Magana Jari Ce ta fara fitowa, har ta cika littafi uku. Daga baya aka sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya kai yaro yawon sararin samaniya.

Mu dubi dabarar aku a littafi na farko na Magana Jari Ce. Da baki kawai ya tsare Musa ɗan sarki a gida, yana jero masa labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Ashe murya tana iya riƙe yaro wuri guda. Aikinmu shi ne mu riƙe shi da murya, sa'an nan mu ɗora masa littafi a hannu. Kan haka muke kawo shawara uku.

Ta farko, kowane aji ya ware minti 15 kullum don karatu a bayyane. Malami ya riƙa sauya murya, ta sarki daban, ta ɓarawo daban. Idan labari ya kai inda ya fi daɗi, ya rufe littafin ya ajiye a kan tebur. Mai son jin ƙarshe sai ya zo ya buɗe da kansa.

Ta biyu, iyaye, kada ku hana sauraro a waya, amma ku sharɗanta shi. In littafin da ake karantawa yana nan, yaro ya riƙe shi, yatsansa na bin layi. Ta haka ido ke haɗa sauti da harafi.

Ta uku, littattafan da aka buga suna da masu haƙƙi, bai halatta mu naɗe su mu yi ta rabawa ba sai da izini. Amma tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi gādonmu ne duka. Mu nemi yardar kakanninmu na Gaya da Ajingi, mu naɗi muryoyinsu, mu rubuta abin da suka faɗa, 'yan aji shida su karanta wa 'yan aji ɗaya.

Muna roƙon kwamitocin kula da makarantu su sa sayen waɗannan littattafai cikin lissafin zangon nan, ko da kwafi biyar ne a kowace makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a aikinmu.