Talaka Iri Biyu

Karatunmu na yau yana cikin Matiyu 25:31-46, inda Ubangiji ya nuna cewa hidimar da aka yi wa mayunwaci da marar lafiya, shi aka yi wa.

Kimanin shekara 800 da suka shige, Kiristocin Turai sun raba talakawa kashi biyu. Akwai mai ibada wanda ya zaɓi talauci da kansa. Shi ana girmama shi, ana neman addu'arsa. Akwai kuma wanda talauci ya faɗa masa, kamar gwauruwa da gurgu da kuturu. Shi kam akan jefa masa sadaka a ƙofar majami'a domin a sami lada, amma ba a cika zama da shi ba.

A zamanin nan ne aka yi Faransis, mutumin garin Asisi a Italiya, ɗan wani attajiri mai sayar da yadi. Wajen shekara ta 1206 ya tuɓe tufafinsa a gaban bishof, ya mayar wa mahaifinsa, ya rabu da gādo. Labarin da aka fi ji ke nan. Amma cikin wasiyyar da ya bari a 1226, shekarar mutuwarsa, ba da zancen tufafi ya fara ba. Ya shaida cewa dā yana ƙyamar ganin kutare, sai Ubangiji ya kai shi cikinsu, ya yi masu jinƙai. Nan tubansa ya soma.

Bayan mutuwarsa fa? A 1228 aka soma gina ƙatuwar majami'a domin kabarinsa. Mabiyansa kuwa suka shiga gardama a kan talauci, har aka kai ga tambayar ko Yesu ya taɓa mallakar wani abu, sai da Paparoma Yohanna na 22 ya yanke hukunci a 1323. Malamai na ta muhawara, mabaraci kuwa yana nan a ƙofa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, yabon talauci cikin wa'azi ba shi da wuya. Amma gwauruwar nan da ke zama a bencin baya, ka san sunanta? Ka taɓa shiga ɗakinta? Kada makon nan ya wuce ba ka je ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana ƙyamar da muke ɓoyewa a zuciya. Ka kai mu wurin waɗanda muke gudu, mu sadu da kai a can. Cikin sunan Yesu, Amin.