A Tambayi Masu Shan Ruwa Kafin A Haƙa Rijiya

Yau maganarmu a kan ruwan sha ne, da mutanen nan da su kan zo da takarda da alƙalami suna yi muku tambayoyi kafin a haƙa rijiya ko a kafa famfo. Waɗansu su kan ɓoye musu gaskiya, suna tsammani ƙidayar haraji ce. Ba haka ba ne. Amsar da kuka ba su ita za ta nuna inda za a sa rijiyar.

Ku tuna da kurkunu. Mutum ya kan ɗauke shi ta wurin shan ruwan tafki mai waɗansu ƙananan ƙwari da ido ba ya cika ganinsu. Bayan wajen shekara guda sai tsutsar ta fasa fata ta fito, galibi a ƙafa, sau da yawa kuwa da damina, lokacin da gona ke bukatar mai ita. In mai ciwon ya tsoma ƙafarsa cikin tafki don ya ji sanyi, sai ta zubar da 'ya'yanta a ruwa, wani kuma ya sha.

Ciwon nan ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. A 1988 aka bi ƙauyukan Nijeriya ana ƙidaya, aka sami mutum fiye da 650,000 masu shi. Sa'an nan a ƙauyukan da ciwon ya ke aka zaɓi waɗansu daga cikin mutanen gari, suna rubuta duk wanda ya kamu, suna raba ƙyallen tace ruwa, suna hana mai kurkunu shiga tafki. Cibiyar Carter ta Amurka ta taimaka, Janar Yakubu Gowon kuma ya yi ta zaga ƙasa yana jan hankalin shugabanni. Mutum na ƙarshe da ya kamu a 2008 ne, a jihar Enugu. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. Mutanen ƙauye su ne suka ɗauki nauyin aikin nan.

To, haka ya kamata a yi wa zancen rijiya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Baƙo ba zai san inda ruwa ke da zartsi ba, ko rijiyar da ta kan ƙafe da bazara, ko filin da a ke rigima a kansa. Rijiyar da aka haƙa ba da shawara ba, in ta yi nisa ko ruwanta ba daɗi, sai mutane su koma tafki, tsargiya da amai da gudawa su biyo su.

Saboda haka in masu bincike sun zo, kada a bar maganar ga dagaci da masu unguwa kaɗai. A ji ta bakin 'yan ga-ruwa da yara masu ɗebo ruwa. Matan da ke cikin kulle kuwa, a aika mace ta shiga ta tambaye su, gama su suka san tulu nawa gida ke ci a yini. A kira makiyaya, a yanke musu wurin shayar da dabbobi nesa da bakin rijiya.

Ku da kanku ku duba wurin. Rijiya ta yi nisan mita 30 da salga, watau wajen taki 40 na babban mutum, ta kasance kuma ta wajen tudu da ita. A ɗaga bakinta, a yi mata marfi, a ajiye guga ɗaya mai tsabta.

Tun kafin a soma haƙa, ku zaɓi waɗanda za su lura da ita, maza da mata, ku kuma yanke abin da kowane gida zai riƙa bayarwa domin gyara. Famfon da ba shi da mai kula, ran da ya lalace shi ke nan.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.