Murya da Ɗaki: Jawabi ga Masu Ɗaukar Waƙa a Cikin Birnin Kano



Da yawa daga cikinmu kan shiga birni, Yakasai ko Koki ko gindin Dala, domin ɗaukar muryar dattijo mai tarihi ko tsohuwa mai waƙar niƙa. Sai an koma makaranta a tarar da maganar ta dagule, a ɗora wa na'ura laifi, alhali kuwa laifin na ɗaki ne. Kuma ba kullum ne Allah yake ara wa tsoho kwanakin da za a sake komawa wurinsa ba.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. A ɗaki mai faɗin mita 4, murya za ta bugi bango sau 85 kafin daƙiƙa ta cika. Kunnen mutum yakan tace wannan amsa-kuwwa, amma makirfo ba ya zaɓe. Tun a 1895 Wallace Sabine ya fara binciken wannan matsala a Jami'ar Harvard ta Amurka, inda ya yi ta jibga matasan kujeru a wani zauren lacca, har ya tabbatar cewa yawan abu mai laushi shi ke rage daɗewar ƙara.

To, a nan magabatanmu sun fi mu sa'a. Kaurin bangon tubali yana tare hayaniyar titi, yaɓensa da ba shi da santsi kuma yana warwatsa sauti. Ɗakin siminti mai tayil da rufin kwano, wanda muke ɗauka ci gaba ne, shi ne mafi muni. Sai dai soro mai rufin baka, irin na Gidan Makama, yakan tattara murya a tsakiya, don haka kada a zaunar da mawaƙi a nan.

Mu fara tafa hannu mu saurara. In ƙarar ta yi wutsiya, a shimfiɗa darduma, a jingina katifa bayan mai magana, a rataya bargo. Jeren kwanukan ɗakin uwargida kuwa, a nemi izini a lulluɓe shi, domin yana amsa waƙa kamar 'yan amshi. Kwalin ƙwai da wasu ke liƙawa a bango amfaninsa kaɗan ne.

Makirfo ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga baki. Lokaci kuma a zaɓi bayan sallar asuba, kafin injin niƙa da A Daidaita Sahu su farka.