JAWABI A TARON DATTAWA: SIR UDO UDOMA DA KUƊIN TALAKAWA



Yau muna so mu tuna da wani ɗan ƙaramar ƙabila kamarmu, wato Sir Udo Udoma, mutumin Ibibio daga Ikot Abasi. An haife shi a 1917. Yana da shekara 12 sojojin Turawa suka harbe mahaifiyarsa a boren mata na 1929. Yaron nan ya yi karatu a makarantar Metodis ta Uzuakoli, amma kuɗin zuwa ƙasar waje babu.

Ga abin da ya sa muka ɗauko labarinsa. A 1938 ƙungiyar Ibibio ta tara kuɗi daga hannun manoma da masu sayar da manja, ta tura samari 6 karatu ƙasashen waje. Udoma ne aka zaɓa ya karanta shari'a, ya tafi Dublin da Oxford. Mutanen da yawancinsu ba su iya rubuta sunansu ba, su suka biya. Sun gaji da shiga kotu ba mai tsaya musu.

Da ya dawo ya yi aikin lauya, ya shiga Majalisar Wakilai ta tarayya a shekarun 1950, ya jagoranci neman jihar Kalaba, Ogoja da Ribas. Kwamitin Willink ya ƙi a 1958, kamar yadda ya ƙi wa iyayenmu na Tsakiyar Nijeriya. Sai a 1967 aka yi jihohin.

Ya zama alƙali a Legas a 1961, Babban Jojin Uganda daga 1963 zuwa 1969, sa'an nan alƙalin Kotun Ƙoli har 1982. Shi ya shugabanci Majalisar Tsara Mulki ta 1977 zuwa 1978. Ba za mu ɓoye ba, a Uganda kotunsa ta halatta tsarin mulkin da Obote ya kafa da ƙarfin soja a 1966, hukuncin da mu dai ba mu ga adalcinsa ba. Ya rasu a 1998.

To dattawa, mu fa? Muna tara kuɗin rufin majami'a cikin wata ɗaya, amma asusun karatun yaranmu ya shekara ba motsi. In rikicin gona ko filin ikkilisiya ya tashi, lauyan haya muke nema. Muna roƙon kowace ikkilisiya ta kawo sunan yaro ɗaya ko yarinya, da abin da za ta iya bayarwa, kafin taro mai zuwa.