Iliya Ya Gaji da Rai

Mu buɗe 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya, wanda ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, ya zauna a jeji yana roƙon mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci.

Yau idan ɗan'uwa ya wuce mako 2 cikin baƙin ciki, ba barci, ba cin abinci, sai mu ce sammu ne ko rashin bangaskiya. Ciwon damuwa ne, yana da magani. Ku yi addu'a tare, ku raka shi asibiti. In ya fara zancen mutuwa, kada ku bar shi shi kaɗai.

Mu yi addu'a.