Takardun Kakanmu Soja



Kwanan baya wata dattijuwa a ajinmu na cikin birnin Kano, kusa da Kasuwar Kurmi, ta zo mana da wani ƙunshi. Ta ce a akwatin kakanta aka same shi, shekara da shekaru ba wanda ya karanta. Da muka kwance sai ga ɗan littafi wanda gara ta ci gefensa, da minda biyu, watau lambobin yabo na soja. Ta ce, "Malam, abin da na sani kawai, an ce ya je Bama."

To, irin wannan ƙunshi yana gidaje da yawa, birni da ƙauye. A yaƙin duniya na farko sojojin ƙasar nan sun yi yaƙi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916. A yaƙin Hitila kuma an kai su Habasha, sa'an nan daga 1943 aka haye da su teku zuwa Indiya da Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82. Hausawa suna da yawa a ciki, har ma Hausa ce ake yi a bariki.

Wanda ke neman labarin kakansa, kada ya fara da suna. Suna yana ruɗarwa. Idan mutum ya je shiga soja, sau da yawa akawu yakan rubuta sunansa ne da na garinsu, ba da na ubansa ba. Ku duba, Audu nawa ne suka fito daga Kano? Duk Audu Kano ne a takarda. Wani ma ya gudo daga gida ne, ya ba da sunan da ba nasa ba. Amma lambar soja guda ce, ba a ba mutum biyu. Tana cikin littafin sallama, tana kuma kan takardar fensho, tare da muƙaminsa, ko farabiti ne, ko kofur, ko saje. Mindar yaƙin farko an buga suna da lamba a jikinta. Ta yaƙi na biyu kuwa ba a buga kome ba, saboda haka kada ku wahalar da idonku.

Ba kowa ne ya sami fensho ba. Yawancin waɗanda aka ɗauka don yaƙi kuɗin sallama aka ba su, suka koma gona. In ba ku ga takardar fensho ba, ba shi ne ya nuna bai yi soja ba.

In kuwa ya tafi bai komo ba, akwai hukumar da ke kula da kaburburan sojojin yaƙin duniya. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun, an sassaƙa sunayen waɗanda ba a san kabarinsu ba. Ku ba wani yaro mai waya lambar, ya duba muku a intanet.

Sai maganar ƙidaya. An ƙirga mutanen Arewa a 1931, da 1952, da 1963. Amma kada ku sa rai da yawa. Abin da aka buga adadi ne, gari kaza mutum kaza, ba sunaye ba. Sai dai akwai dabarar da za mu ara wajen malaman ƙidaya. In tsoho bai san shekarunsa ba, sai su tambaye shi abin da ya faru lokacin da aka haife shi. Mu ma haka za mu yi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. An yi marisuwa a 1918. Sarki Abdullahi Bayero ya hau gado a 1926. In an ce muku an haifi kaka shekarar marisuwa, to, yana da shekara 25 sa'ad da aka tafi Bama.

Takardun lardin Kano na zamanin Turawa suna gidan ajiyar takardun tarihi a Kaduna. Amma kafin ku kashe kuɗin mota, ku gaida mai unguwa, ku zauna da tsofaffin matan gida, don su ne ke riƙe da wa ya haifi wa. Kada ku ce sai bayan kaka, tsoho ba ya jira.

Dattijuwar nan ita da kanta ta karanta lambar kakanta, ɗaya bayan ɗaya, ta kwafe ta a bangon littafinta. Ta yi kuskure sau biyu, muka gyara. Ran Talata kowa ya zo da abin da ya samu a gida, a naɗe cikin tsumma mai tsabta. In takarda ta manne, kada ku ɓamɓare ta, ku kawo ta haka nan.